Tuwona Maina ko Tuwon Maƙwabta? Auren Gida da Auren Bare a Umbadda

A Umbadda ta ƙasar Sudan, idan saurayi ya turo manyansa neman aure, akan shimfiɗa musu, a kawo shayi da dabino, a gaisa, a yi fatiha a watse. Sai baƙi sun tafi ake yin tambayar da ta fi sadaki nauyi. Balaraben Sudan zai dubi ɗan'uwansa ya ce, "Jinsu shinu?", wato wane iri ne shi? Bahaushe kuwa cewa zai yi, "Ɗan gidan wa ne? Namu ne?" Harshen ne ya bambanta, tambayar ɗaya ce. Amsarta ta ɗaura aure da yawa a yammacin Umdurman, ta kuma warware wasu tun kafin a kai ga sa rana.

Da wuya a sami inda wannan tambaya take yawan tasowa kamar Umbadda, domin gari ne da kusan kowa jiya ya zo. Ƙidayar 2008 ta ba ta mutum kusan miliyan ɗaya. Farin 1984 da 1985 ya koro mutanen Kurdufan da Darfur zuwa Muwailih da Abu Zaid, yaƙin Kudu da na Duwatsun Nuba ya ƙaro wasu, ma'aikata da 'yan kasuwa daga bakin kogi kuma suka gina gidaje a unguwannin da ake kira hara, ake ba su lamba. A layi guda za ka iske ɗan Nuba da ɗan Fur da ɗan Ja'aliyyin da ɗan Shaigiyya da Babarbare da Bafulatani da Bahaushe. 'Ya'yansu aji ɗaya suke zama, mota ɗaya suke shiga zuwa kasuwar Suƙ Libya. Ido kuwa in ya ga abin so, ba ya tsayawa neman takardar asali.

Shi ya sa kowane gidan Hausawa a can, ko ba jima ko ba daɗe, sai ya tsaya tsakanin hanya biyu. Ta farko auren gida, wanda ya faro daga auren zumunci na ɗan wa da 'yar ƙane, ko 'yar kawu, ko ɗan gwaggo, ya faɗaɗa zuwa Bahaushe da Bahaushiya, har ya kai ga Fulani da Barebari da Zabarmawa, duk waɗanda mutanen ƙasar suka haɗa a suna ɗaya, Fallata. Ta biyu auren bare, wato a ba ɗan wata ƙabila, ko a auro daga can. Kowace tana da nata tuwo da nata ƙaya, kuma ba a yi wa ɗaya adalci sai an ɗora ta a ma'auni tare da ɗayar.

Auren gida a Sudan yana da tarihi, kuma tarihin na matafiya ne. Kakanninmu sun baro Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram a ƙafa, suka bi ta Borno da Wadai da Darfur, suna noma a nan, suna leburanci a can, don tara guzurin Makka. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka nemi hannu, dubbai suka tsaya. Amma a zuci ba su sauke kaya ba. Masanin nan C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995, ya nuna yadda jikoki da tattaɓa-kunne a ƙauyukan Jazira suke ɗaukar kansu mahajjata da ke kan hanya. Wanda yake ganin gobe zai ɗaura kaya ba ya ba mai gari 'yarsa, don in ya ba shi, ya bar tsokarsa a zango. Su ma masu garin ba su yi rububin nema ba. Ƙofa ce aka rufe ta ciki, aka kuma sa mata sakata ta waje.

Alherin wannan aure a fili yake. Na farko harshe. Hausa ta rayu fiye da shekara ɗari a tsakiyar Larabci saboda uwa da uba da kaka duk da ita suke kiran yaro cin tuwo. Makaranta Larabci, kasuwa Larabci, rediyo da masallaci Larabci. Tsakar gida kaɗai ya rage wa Hausa, kuma auren gida ne ya riƙe shi. Na biyu sani. Ba a tura kowa bincike kan yaron da aka ci sunansa, aka ga rarrafensa, aka san halin uwarsa. Na uku inuwa ga mace. In ta yi yaji, gidan kawun da za ta je shi ne gidan baffan mijin, kafin magariba dattijo ɗaya ya tsawata wa kowa an mayar da ita. Ga rangwame a lefe da sadaki, ga gado da ba ya fita daga zuri'a. Larabawan Sudan ma sun san daɗin wannan, har suna ce wa saurayi ya rufe akushinsa, wato ya auri 'yar baffansa kafin ya leƙa waje. Tuwona maina ke nan da wani harshe.

Akwai kuma wata kariya da mata suka fi maza sani. Kaciyar fir'auna, wadda ta daɗe tana cin 'ya'ya mata a yawancin arewacin Sudan, Hausawa ba su gaje ta ba. Uwar da ta aurar da 'yarta a gida ba ta kwana da fargabar cewa wata rana kakar wajen uba za ta ɗauki jikanya ta kai wa ungozoma. Doka ta haramta kaciyar mata a 2020, da hukuncin ɗaurin da zai kai shekara uku, amma al'ada ba ta mutuwa ranar da aka sa wa takarda hannu.

To, sai dai tuwon gida ma yana shaƙewa. Jinin da yake ta zagaye a randa ɗaya yakan haɗa mai AS da mai AS, kuma kowane cikin da irin waɗannan ma'aurata suka samu yana da haɗari kashi ɗaya cikin huɗu na fitowa da sikila. Cutar sananniya ce a cikin Hausawa da Fulani da wasu ƙabilun yammacin Sudan, kuma duk wanda ya taɓa kwana asibiti da yaro yana kukan ƙashi ya san kuɗin da zumunci yake karɓa wani lokaci. Sannan auren zumunci in ya yi kyau ya fi zuma, in ya ɓaci kuwa ba mutum biyu yake rabawa ba. Wa da ƙane ne za su daina gaisawa, biki da suna su zama filin harara. Saboda tsoron haka, mace nawa aka ce wa "yi haƙuri, ɗan'uwanki ne" har ta tsufa cikin ƙunci? Yarinyar da ta gama jami'a a Khartum, aka ce lallai sai cikin gidaje goma da aka sani za ta zaɓa, wani lokaci zaɓin yakan ƙare a zaman jira.

Babbar illar kuwa ta jama'a ce gaba ɗaya. Katangar da ta hana ɓarawo shiga ita ce take hana maƙwabci sanin mai gidan. Jama'ar da ba ta da suruki a waje ba ta da mai tsaya mata a majalisar da ba ta nan. A 2008, da wata jarida ta danganta wa Shugaba Umar al-Bashir maganar da ta fitar da Hausawa daga 'yan ƙasa, sai da aka fito zanga-zanga a Gadarif da Kasala da Bur Sudan. A Yulin 2022 rikici kan ƙasa da sarauta ya ɓarke a jihar Nilul Azraƙ tsakanin Hausawa da maƙwabtansu, aka rasa rai fiye da ɗari, a Oktoba kuma aka sake zubar da jini a Wad al-Mahi. Kalmar da ta riƙa dawowa a duk lokutan ita ce baƙi. Ba auren gida ya jawo wannan ba, siyasa da kwaɗayin ƙasa ne. Amma mutum yakan yi nauyin baki kafin ya kira kawun 'ya'yansa baƙo.

Nan ne auren bare yake da ƙarfi. A Sudan surukuta jijiya ce. Wanda aka kira "nasibna", surukinmu, ya sami wurin zama a makoki da biki, ya sami mai shaidarsa a ofis da mai lamuninsa a kasuwa. Yaron da aka haifa yana da gida biyu, ƙauye biyu da zai gudu in gari ya yi zafi. Har a takarda abin ya taɓa yin tasiri. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya tabbatar kakanninsa na wajen uba suna ƙasar tun ƙarshen 1897, sharaɗin da ya wahalar da zuri'ar waɗanda suka zo bayan Burmi. An sassauta daga baya, kuma tsarin mulkin 2005 ya ba wanda uwarsa 'yar Sudan ce haƙƙin zama ɗan ƙasa. Amma shekaru da yawa jikan Bahaushe ta wajen 'ya mace, in ubansa ɗan bakin kogi ne, yakan karɓi jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, ba tambaya, alhali jika ta wajen ɗa namiji ana ce masa ya kawo shaidu.

Wanda ya ce auren bare baƙon abu ne bai duba bayansa ba. Larabawan Sudan kansu 'ya'yan irin wannan aure ne: mazan da suka shigo daga Masar da Hijaz sun auri 'ya'yan Nubawan bakin kogi, kuma da yake sarautar Nuba ta wajen uwa take bi, mulki ya zame zuwa hannun jikoki, har aka mai da wani babban ginin Dungula masallaci a 1317. Sayyid Abdurrahman, ɗan Mahadi, mahaifiyarsa Maƙbula daga gidan sarautar Darfur take. Mu kuma labarin asalinmu da baƙo ya fara, Bayajida da sarauniyar Daura. Sharifai da Larabawan Gadamas da suka zauna Kano sun narke cikin Kanawa ta hanyar aure, Agalawa da asalinsu yake arewa sun zama ƙashin bayan kasuwancin Kano, bayan jihadin 1804 kuwa Hausa da Fulani sun cakuɗe har an rasa bakin zaren. Hausa ba ta taɓa yaɗuwa da rufe ƙofa ba; ɗaukar baƙo take yi ta goya shi har ya manta ranar da ya zo.

Sai dai Kano daban, Umdurman daban. A Kano baƙon ne yake zama Bahaushe, a Umdurman Bahaushen ne ake sa ran ya narke. Kuma narkewar tana da tsani na launi. Mutanen Sudan suna da suna ga kowane mataki na fata: asfar, asmar, akhdar, azraƙ, wato rawaya, wankan tarwaɗa, kore da shuɗi, duk don a kauce wa kiran mutum baƙi. Baƙon da ya zo daga waje zai ga kowa baƙar fata ne, amma a ɗakin da ake shawarar aure ana auna hanci da gashi da sunan kaka na bakwai. Kalmar "abid", bawa, har yau tana fita daga bakin mai fushi. Man canza fata kuma ciniki yake yi, musamman gab da biki. Ƙasar da take alfahari da muryar A'isha al-Fallatiyya, 'yar malamin Hausa da ta buɗe wa mata ƙofar waƙa a Rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940, ƙasar da ba ta jin daɗin yamma sai da agashe, naman da ko sunansa Hausa ne, a cikinta ne wasu gidaje suke jin nauyin ba mai agashen 'yarsu ko da ya gina bene.

Wannan shi ne ciwon auren bare: sau da yawa hanya ɗaya yake bi. A karɓi 'yarka, a hana ɗanka. Kuma wadda aka karɓa, wani lokaci sai ta biya da abin da ba a rubuta a takardar aure ba. Ta daina Hausa in dangin miji suna kusa. In uwarta ta zo da ɗaurin ɗankwali irin na gida, a shigar da ita ta ƙofar baya. Yara su tashi suna jin cewa akwai rabin jikinsu da ba a faɗi a makaranta, har wata rana a yi wa wani yaro gorin "Fallati" a filin ƙwallo, su ma su yi dariya don kada a gane su. Auren da ya sa jika ya ji kunyar kakarsa ya ci riba a waje, ya karye a gida.

Ko da babu raini, al'ada kaɗai aiki ce. Bahaushe ya san lefe daga ango, kayan ɗaki da gara daga iyayen amarya, sannan a kai ta ɗakinta tana kuka. A wajen Larabawan Sudan ango ne yake kawo shaila, wato irin nasu lefen, shi yake ɗaukar yawancin nauyin gida, uwar amarya ta aika da babban karin kumallon ango, a da ma amarya takan ci gaba da zama gidan iyayenta na wani lokaci. Bikin jirtik, da jan zane da zaren hannu da fesa madara, wani dattijon Bahaushe bidi'a yake gani. Kunyar da take hana Bahaushiya kiran sunan miji ko ɗan fari kuma, surukarta Balarabiya tana iya ɗaukarta rashin sakin jiki. Waɗannan duk masu sauƙi ne in akwai mutunci. Shaida ita ce dilka da humra da turaren tsuguno sun yi tafiya daga gabas har ɗakunan amaren Maiduguri da Kano, ba wanda ya yi yaƙi a kai.

Kafin mu cika baki da laifin wasu, laifi tudu ne. Mu ne muke yi wa farar mace kirari da alkyabbar mata, har saurayi ya ce in dai fara ce ko mayya ce a ba shi. Mu ne muke bin diddigin ko kakan yaro bawa ne, ko gidansu mahauta ne, ko wanzamai, ko maroƙa. Uban da ya ji zafi don Baja'ale ya hana ɗansa aure, shi ne gobe zai kori ɗan Nuba mai salla da sana'a, ya ce ai ba irinmu ba ne. Yana so a buɗe masa ƙofar da yake gani sama, ya rufe wadda yake gani ƙasa. Irin wannan ba kishin Hausa yake yi ba, tsanin nan dai yake hawa, matakinsa ne kawai bai gamshe shi ba.

Addinin da dukanmu muke taƙama da shi bai tsaya tare da tsanin ba. A mazhabar Malikiyya, wadda Hausawa da yawancin mutanen Sudan suke bi, dacewar miji ana duba ta ne a addini da lafiya daga aibin da ke hana zaman aure, ba a ƙabila ba. Dokar iyali ta Musulmi ta Sudan ta 1991 ita ma addini da hali ta ambata. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aurar da Zainab 'yar Jahshi ga Zaidu ɗan Harisa, wanda 'yantaccen bawa ne, ya kuma nuna wa Faɗimatu 'yar Ƙaisu, Baƙuraishiya, ta auri Usama ɗan Zaidun nan. A wasu ƙasashe gwamnati ce take hana irin wannan aure: Afirka ta Kudu ta haramta shi tsakanin farare da sauran jama'a a 1949 ta soke a 1985, a Amurka kuwa sai 1967 kotun ƙoli ta rushe irin dokar. A Umbadda ba alƙali ko ɗan sanda da ya taɓa tsayawa a ƙofa. Gwaggo da kawu ne, su kuwa ba a ɗaukaka ƙara a kansu.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya jarraba hanyoyin biyu. Umbadda ta sha wuta, Suƙ Libya ya zama sansanin mayaƙa har sojojin gwamnati suka karɓe shi a Maris 2025, gidaje suka watse. Masu dangi a Gadarif da Kasala da Sinnar sun ga amfanin zumunci, domin ɗaki ɗaya ya ɗauki iyali uku ba a nemi haya ba. Masu surukai a Shandi ko Dungula su ma sun sami ƙofar da dā ba za ta buɗe musu ba. A shingayen hanya an tsare mutane saboda kamannin fuska da lafazin harshe, a lokaci guda kuma takiyyoyin unguwa, wato wuraren dafa abincin sadaka, suna zuba wa kowa wake ba tare da tambayar jinsinsa ba. Wanda ya fi shan wuya shi ne wanda bai riƙe zumunci ba, bai kuma ƙulla da maƙwabci ba.

In aka ce in yanke, ga abin da na gani. Auren gida yana da hujja lokacin da muke zango. Yau mun binne kakanni huɗu a ƙasar nan, mai kabari kuwa ba matafiyi ba ne. A bar shi ga wanda zuciyarsa ta kwanta, da sharaɗin gwajin jini da yardar yarinya, kada ya zama dole. Auren bare kuma a buɗe masa ƙofa, amma a auna shi da abu biyu. Na farko, gidan da suka zo neman 'yarmu, in ɗanmu ya je neman tasu, za su ba shi? Na biyu, ranar suna, za a zaunar da kakar yaron a tsakiyar tabarma ta yi wa jikanta wasa da Hausa a gaban kowa? In amsar duka biyun i ce, to, Baja'ale ne ko ɗan Nuba ko ɗan Fur, a karɓi sadaki a sa albarka. In kuwa sai ta ɓoye uwarta za ta zauna lafiya, ko zinariya suka zo da ita a mayar musu.

Iyaye, idan manyan yaro suka tashi kuka zauna shawara, ku fara da tambayar sallarsa da sana'arsa da yadda yake yi wa uwarsa magana, sannan ku aika su asibiti a duba jini. Tambayar "namu ne?" ta zo daga ƙarshe, in ma har ta zo. Allah Ya ba 'ya'yanmu abokan zama na gari, Ya kuma mayar wa Umbadda da zaman lafiya.